Tsarin Shekara a Kamfanin Waƙoƙin Intanet: Abin da Spotify Ya Alƙawarta da Abin da Ya Cika

 

Shugaban taro, malamaina da ke wannan zaure, ɗalibai, da 'yan'uwa mawaƙa da makaɗa da masu situdiyo. An nemi in yi magana a kan yadda kamfanonin da ke ajiye waƙoƙi a rumbun intanet, mutane suna saurare kai-tsaye ta waya, suke tsara ayyukansu shekara-shekara. Zan tsaya a kan kamfani ɗaya, Spotify. Shi ne mafi girma a wannan sana'a, kuma tun da ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Afrilun 2018 yake fitar da lissafinsa duk wata uku. Saboda haka muna iya ajiye abin da ya ce zai yi kusa da abin da ya yi, mu gwada su.

Daniel Ek da Martin Lorentzon ne suka kafa kamfanin a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2006, lokacin da satar waƙa ta intanet ta durƙusar da kasuwar faifai a Turai. Sun buɗe wa jama'a a Oktoban 2008, suka shiga Amurka a Yulin 2011. Zuwa ƙarshen 2024 mutum miliyan 675 ne ke amfani da manhajar a kowane wata, daga cikinsu miliyan 263 suna biyan kuɗin wata, sauran suna saurare kyauta ana katse su da talla.

Kafin mu shiga maganar tsari, mu duba abin da ke faruwa idan ka danna waƙa. Waƙar ba ta cikin wayarka. Tana ajiye a manyan kwamfutoci cikin kwafi da yawa, kowane da nauyinsa. Wayar takan duba ƙarfin sabis ɗinka, ta nemi kwafin da ya dace, a riƙa turo shi gutsure-gutsure kana ji ana ƙaro maka. Kwafi mai ingancin kilobit 160 a daƙiƙa yana cin data kusan megabait 72 a awa ɗaya, mai kilobit 320 yana cin ninki biyu, mafi ƙanƙanta mai kilobit 24 kuwa bai wuce megabait 11 ba. Da zarar ka kai daƙiƙa 30 kana saurare, sai a rubuta an ji waƙar sau ɗaya. Haka ake rubuta inda ka tsallake, da abin da ka maimaita, da ƙasar da kake, da lokacin. Ku riƙe wannan rubutun da kyau, domin a kansa ake gina duk wani tsari na shekara.

Abu na biyu da ya kamata mu sani shi ne, waƙoƙin ba na kamfanin ba ne. Mafi yawan waɗanda ake saurare na manyan kamfanoni uku ne, Universal da Sony da Warner, sai ƙungiyar Merlin da ke wakiltar ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, sai masu haƙƙin rubutun waƙa. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da waƙa ta kawo wa Spotify yana komawa wurin waɗannan. Matsayinsa matsayin dillali ne da ya cika rumfarsa da kayan mutane: ciniki ya ƙaru, kason masu kaya ya ƙaru tare da shi, kuma ranar da mai kaya ya ga dama zai zo ya kwashe abinsa. An ga haka a Nuwamban 2014 da mawaƙiya Taylor Swift ta janye waƙoƙinta, ba ta dawo da su ba sai a Yunin 2017. Wannan ne ya sa shekaru da dama abin da ke rage wa kamfanin bayan biyan masu haƙƙi da kuɗin isar da waƙa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba, a ciki zai biya albashi da talla da bincike. Shekara goma sha takwas da kafa shi kafin ya ga ribar cikakkiyar shekara. Idan kun fahimci wannan matsi, za ku gane dalilin kusan kowane mataki da zan ambata.

To yaya suke zama su tsara? Henrik Kniberg, wanda ya yi aiki da su a matsayin mai horar da tawagogin injiniyoyi, ya bayyana hanyar a bainar jama'a a 2016. Matakai huɗu ne a jere. Ana farawa da alƙaluma. Daga alƙaluma a fitar da fahimta, daga fahimta a tsayar da abin da kamfani ya yi imani da shi, sannan a zaɓi ayyukan da za a yi kasadar zuba musu mutane da kuɗi. Misalin da aka saba bayarwa shi ne lokacin da alƙaluma suka nuna mutane na barin kwamfuta suna komawa waya, alhali yawancin injiniyoyin kamfanin masu aikin kwamfuta ne. Sai aka yanke shawarar horar da su da ɗauko sababbi domin waya. Ana jera waɗannan ayyuka daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ta yadda idan biyu suka yi karo a kan ma'aikaci ɗaya, kowa ya san wanda zai ba da hanya. Kuma ba a jira shekara ta ƙare kafin a sake duba jerin. A ganina wannan jerin fifiko shi ne abu mafi amfani da ɗalibi zai ɗauka daga nan. Yawancin tsare-tsaren da nake gani a hannun matasanmu masu kafa ƙananan kamfanoni suna ɗauke da ayyuka goma sha biyar, kowanne an rubuta masa "muhimmi", babu wanda aka yarda a jinkirta.

Mu ɗauki aikin da mai sauraro bai taɓa gani ba. A farkon zamani Spotify na da cibiyoyin kwamfutocinsa na kansa, har ma yana amfani da kwamfutocin masu saurare wajen miƙa wa juna gutsuren waƙa, dabarar da ya daina a 2014. A Fabrairun 2016 ya sanar zai kwashe komai ya koma haya a rumbun Google. Aikin ya ci har zuwa 2018, kuma takardun da ya gabatar kafin shiga kasuwar hannun jari sun nuna ya ɗaure kansa da biyan Google kimanin Yuro miliyan 365 cikin shekara uku. Babu wani sabon maɓalli da ya bayyana a waya saboda wannan ƙaura. Amma ita ce ta 'yantar da injiniyoyinsa daga sayen na'urori da gyaran su, ta ba su ƙarfin tace bayanan miliyoyin mutane cikin sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya: da ba a yi wannan aiki ba tun da wuri, da shiga ƙasashe masu yawa a lokaci guda a 2021 ya zama wahala. Irin wannan aiki ba ya shiga cikin shekara ɗaya, kuma shi ne wanda shugabanni masu son a yaba musu a ƙarshen shekara suka fi saurin turawa gaba.

Akwai kuma abin da bai fito daga saman jerin ba. A Maris ɗin 2014 kamfanin ya sayi The Echo Nest, wani kamfanin Amurka mai nazarin waƙoƙi da kwamfuta. A Yulin 2015 aka fito da Discover Weekly, jerin waƙoƙi talatin da ake haɗa wa kowane mutum nasa duk ranar Litinin. Wata ƙaramar tawaga ce ta fara gwada shi a cikin gida, ma'aikata suka so shi, sannan aka sake shi ga duniya, ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi riƙe mutane a manhajar. Tsarin da ya cinye lokacin ma'aikata kaf ba zai bar irin wannan ya tsiro ba.

Daga 2019 sai kamfanin ya juya ga shirye-shiryen hira na fodkas. Dalilin a bayyane yake: shirin da ka mallaka ba ka raba kuɗinsa da Universal. A shekarar ya sayi kamfanonin fodkas Gimlet da Anchor da Parcast, a 2020 ya sayi The Ringer, ya kuma ƙulla yarjejeniya da mai gabatarwa Joe Rogan. An zuba fiye da dala biliyan ɗaya a wannan fanni. Masu saurare sun ƙaru, riba kuwa ta yi jinkiri, kuma a 2023 aka rage ma'aikatan sashen aka soke shirye-shirye da dama.

Yanzu na zo kan ranar da nake so mu daɗe a kanta, 22 ga Fabrairun 2021. A ranar kamfanin ya yi babban taro ta intanet ya shelanta abin da zai yi. Alƙawari biyu ne suka fi jan hankali. Na farko, zai shiga sababbin ƙasashe fiye da 80, ciki har da Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi. Wannan ya cika cikin 'yan kwanaki, domin an gama lasisi da shirin na'urori kafin a buɗe baki. Na biyu, zai fito da sauti mai ingancin faifan CD, wanda ba a matse shi an zubar da komai ba, kafin shekarar ta ƙare, da sunan HiFi. Kowa ya fahimci niyyar a sayar da shi a kan ƙarin kuɗi. Wata uku bayan haka, a watan Mayu, Apple ya sanar zai ba masu biyansa irin wannan sauti ba tare da ƙarin ko kwabo ba, a ranar kuma Amazon ya cire ƙarin kuɗin da yake karɓa a kan nasa. Apple na sayar da waya, Amazon na sayar da kaya, waƙa ba ita ce abincinsu ba, suna iya yin asara a kanta. Spotify ba shi da wata sana'ar da zai jingina da ita. Shekarar ta ƙare shiru. A farkon 2022 Ek ya danganta jinkirin da tattaunawar lasisi. Ba a saki wannan sauti ba sai a Satumban 2025, shekara huɗu da rabi bayan alƙawarin, kuma a cikin kuɗin wata na yau da kullum.

Ina ganin laifin a nan ba na injiniyoyi ba ne. An sa wa aiki ranar fitowa alhali makullinsa biyu suna hannun wasu, ɗaya a hannun masu haƙƙin waƙa, ɗaya a hannun abokan hamayya. Alƙawari biyu a rana ɗaya daga baki ɗaya, ɗaya ya cika a mako ɗaya, ɗaya ya ci shekara huɗu da rabi, kuma bambancinsu shi ne na farko an faɗe shi bayan an sa hannu, na biyu kafin.

Sai wata 'yar na'ura mai suna Car Thing. Ba ta fi tafin hannu ba sosai, tana da allon taɓawa, da babbar murɗa a gefen dama, da maɓallai a samanta, ana maƙala ta a gaban mota domin direba ya zaɓi waƙa ba tare da taɓa waya ba. An fara raba ta ga zaɓaɓɓun mutane a Amurka a 2021, aka sa ta a kasuwa a Fabrairun 2022 a kan kusan dala 90, a Yulin wannan shekarar aka daina ƙera ta. Wannan ba abin zargi ba ne, kasada ce ba ta ci ba. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne a ranar 9 ga Disamban 2024 kamfanin ya kashe dukkan na'urorin daga nesa, waɗanda mutane suka saya da kuɗinsu kuma lafiyarsu ƙalau. Sai da aka yi ta ƙorafi sannan maganar mayar da kuɗi ta fito fili. Duk wanda ke rubuta sabon aiki a tsarinsa ya kamata ya rubuta a ƙarƙashinsa abin da za a yi wa mutanen da suka amince da shi idan aikin ya mutu.

Shekarar 2023 ta zama ta tsuke bakin aljihu. A Janairu aka sallami kusan mutum 600, a Yuni kusan 200, a Disamba kusan 1,500, wato kashi 17 cikin ɗari na ma'aikata. Ek ya bayyana cewa sun ɗibi mutane da yawa a 2020 da 2021 lokacin da bashi ke da araha, yanayin kuma ya sauya. A Yulin shekarar aka ɗaga kuɗin wata a Amurka daga dala 9.99 zuwa 10.99, karo na farko tun 2011. A 2024 kamfanin ya ci ribar sama da Yuro biliyan ɗaya, ya kuma ce ya biya masu haƙƙin waƙa dala biliyan 10. Masu hannun jari sun yi murna. Amma kada mu manta mutum sama da dubu biyu ne suka koma gida, ba don sun gaza ba, sai don an yi hasashen shekarun baya a kan kuɗin da bai ɗore ba.

A cikin gyare-gyaren 2024 akwai wanda ya shafi mawaƙan da ke zaune a nan kai-tsaye. Daga shekarar, waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 ba cikin wata goma sha biyu da suka wuce ba ta samun ko sisi daga kuɗin haƙƙin naɗinta, kasonta ya koma cikin tukunyar da sauran ke rabawa. Hujjar kamfanin ita ce kuɗin ƙanana ne, sau da yawa ba sa isa hannun mawaƙi, kuma 'yan damfara na amfani da su. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ni ban gamsu ba, domin mai asara shi ne ƙaramin mawaƙi da mai waƙar gargajiya, waɗanda babu mai wakiltarsu a ɗakin da aka yanke hukuncin.

Rabon kuma ba a yin sa a kan farashi ɗaya. Ana tara kuɗin kowace ƙasa a kowane wata, a raba gwargwadon kason da kowace waƙa ta samu a sauraron ƙasar. Da Spotify ya shigo Nijeriya, kuɗin wata Naira 900 ne, lokacin da Ba'amurke ke biyan kusan dala 10. Saboda haka sauraro ɗaya daga Kano ba ya kawo abin da sauraro ɗaya daga Landan ke kawowa. Kamfanin ya ce mawaƙan Nijeriya sun samu sama da Naira biliyan 58 a 2024, fiye da ninki biyu na 2023. Adadin babba ne, amma a karanta shi ana tuna yadda Naira ta faɗi tun daga Yunin 2023, kuma a tambayi kason da ya iso ga masu waƙa da Hausa.

Nan ne nake so mu koma kan rubutun nan na daƙiƙa 30. Na ce tsarin kamfanin yana farawa da alƙaluma. Ku je bakin kowace kasuwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi, za ku ga saurayi a ƙarƙashin lema da laftof da sifika, mutane na miƙo masa mimori ko waya yana tura musu waƙoƙi a kan ɗan kuɗi kaɗan. Ku leƙa allonsa: fayil an rubuta masa "sabuwar waƙa", wani an sa lambar wayar mai turin a madadin sunan mawaƙi. Daga nan waƙar ta bi Xender da WhatsApp ta shiga wayoyi dubbai, ta cika gidajen biki da Keke Napep. Waƙa ta karɓu, kowa na rera ta, amma ko sau ɗaya ba a rubuta ta a kwamfutar da ma'aikatan Stockholm ke dubawa ba. Idan suka zauna tsara shekara mai zuwa, abin da alƙaluma za su nuna musu game da Nijeriya shi ne Legas da mawaƙanta. Ba sai an ƙi mu ba. Hanyar ce ba ta ganin abin da ba a ƙirga ba. Kamfanonin da suka fi kusa da mu sun fara ne daga wani wuri dabam. Boomplay, wanda ya fara a Nijeriya a 2015, ya zo ne a cikin wayoyin Tecno na kamfanin Transsion, mai waya ya tarar da shi a ciki. Audiomack kuma ya bar mawaƙi ya ɗora waƙarsa da kansa kyauta, abin da Spotify ya gwada a 2018 ya daina a 2019.

Ba na ganin laifin mai turi, sana'a ce da ta cike gurbin da data mai tsada ta bari. Kuma ba zan ce wa talaka ya sayi data don ya taimaki lissafin wani kamfanin Turai ba. Maganata ga masu situdiyo ce da matasanmu masu koyon rubuta manhaja. Idan ɗayanku zai gina irin wannan dandali domin masu jin Hausa, alƙaluman da zai fara da su ba sa cikin rahoton kowa, sai ya je rumfar mai turi ya zauna ya ƙirga. Zai ga sauraro yana sauyawa da azumi, yana tashi bayan Sallah da lokacin bukukuwa, abin da ya kamata kalandarsa ta bi. Zai ga mutane sun fi bukatar sauke waƙa su ji ba tare da sabis ba fiye da sauti mai nauyi. Zai ga biyan kuɗin rana ko na mako ta katin waya ya fi na wata ta katin banki kusa da aljihunsu. Sannan akwai aikin da babu mai tafa masa, irin ƙaurar nan ta 2016: tattaro waƙoƙin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge daga kaset-kaset da ma'ajiyar gidajen rediyo, a gano magadansu da masu haƙƙi, a rubuta sunan waƙa da na makaɗa daidai. Wannan aikin shekaru ne, kuma kowace shekara kaset ɗin na ƙara lalacewa.

Ku kuma masu situdiyo, tsarinku na shekara ba sai ya yi tsawo ba. Tun a 2015 masana'antar waƙa ta duniya ta mayar da Juma'a ranar sakin sababbin waƙoƙi, don haka ku tsayar da Juma'o'inku tun farkon shekara, ku miƙa waƙar ga kamfanin rarrabawa makonni kafin ranar, domin masu haɗa jerin waƙoƙi su samu lokacin jin ta. Kowace waƙa ta samu lambarta ta ISRC, wadda da ita ake gane ta a ko'ina. Sunan mawaƙi ya zama rubutu ɗaya a kowane wuri. Na sha ganin mawaƙi ɗaya da shafi uku saboda an rubuta sunansa iri uku, sauraronsa ya kasu, wata waƙar ta kasa kaiwa dubun da ake bukata. Waƙar ta hau dandali kafin ta isa rumfar mai turi, ba bayan wata biyu ba. Kuma a ranar da aka naɗi waƙa, kafin kowa ya bar situdiyo, marubuci da mai rerawa da makaɗi da mai ɗaukar nauyi su sa hannu a takarda ɗaya mai nuna kason kowa, domin kamfanin rarrabawa sunan da ke cikin asusu kawai yake biya.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.